Ciwon kwatangwalo mai tashi da dare: Ƙaramin ƙarin da ke ɓuya wa hoton asibiti

Akwai wani irin ciwon kwatangwalo da gogaggen likitan ƙashi kan fara zarginsa tun daga labarin majinyaci, kafin ma ya kai hannu jikinsa. Yawanci saurayi ne ɗan shekara 15 ko 20, lafiyayye, bai faɗi ba, bai yi hatsari ba. Da rana ciwon na nan sama-sama, yana zuwa makaranta ko kasuwa, har ƙwallo yakan buga. Dare na tsalawa, wajen ƙarfe biyu ko uku, sai ciwon ya tashe shi kamar ana huda masa ƙashi da basilla. Ya haɗiyi ƙwayar asfirin ko ibuprofen, cikin rabin sa'a abin ya lafa, ya koma barci. Daren gobe a maimaita.

A unguwannin Gombe irin su Jekadafari da Bolari da Pantami da Tudun Wada, sunan da aka fi laƙaba wa irin wannan ciwo shi ne sanyin ƙashi. Wasu su ce targaɗe ne da aka yi sakaci da shi, wasu su ce jifa. Da yake ƙwayar kemis na kwantar da shi nan take, ba mai ganin dalilin bin layin asibiti. A haka ake cinye shekara guda, a shiga ta biyu, yaro ya soma ɗingishi, cinyar da ke ciwon ta tsumure, zaman tahiya da tsuguno su zame masa aiki. A wannan gaɓar ce galibi waya ke isowa Abuja, wurin yaya ko kawun da ke aikin gwamnatin tarayya, a ce masa an yi hoto ba a ga komai ba, kuma ana bukatar kuɗin wani.

Abin da ba a gani ba ɗin, a wasu daga cikin waɗannan yara, wani ƙari ne da girmansa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba.

Ƙarin da ba daji ba

Sunansa a likitance ostiyoyid ostiyoma. Wani likitan binciken cututtuka a birnin New York na Amurka, Henry Jaffe, shi ne ya bayyana shi a matsayin cuta mai zaman kanta a 1935. Ɗan curin sabon ƙashi ne wanda bai gama ƙosawa ba, cike da ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin jin zafi, kuma da wuya faɗinsa ya kai santimita biyu. Likitoci kan kira wannan curi da wata kalmar Latin mai ma'anar sheƙa, wato irin ta tsuntsu, domin yakan zauna ne a tsakiyar ƙashin da ya yi kauri ya kewaye shi.

Ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta, ba ya rikiɗa ya zama sankara, ba ya kisa. Yana da kyau a faɗi wannan tun da wuri, domin da yawa daga cikin iyaye da zarar sun ji likita ya ambaci ƙari a ƙashi, tunaninsu ya tafi kan yanke ƙafa, daga nan kuma ba a sake ganinsu a asibiti. Kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarin ƙashi marasa daji wannan ne. Ya fi kama masu shekara 5 zuwa 30, maza sun ninka mata sau biyu zuwa uku, kuma fiye da rabinsa a ƙashin cinya da na ƙwauri ake samu.

Dalilin azabarsa, da kuma dalilin da ya sa asfirin ke yi masa kamar yankan wuƙa, abu ɗaya ne. Curin yana tsatso wani sinadari mai suna furostagilandin, ninki ɗaruruwa a kan abin da lafiyayyen ƙashi ke fitarwa. Sinadarin yana buɗe hanyoyin jini, yana tsokanar jijiyoyi. Asfirin da ibuprofen da diclofenac kuwa aikinsu ke nan, toshe hanyar da jiki ke sarrafa wannan sinadari. Shi ya sa tambayar da likitan ƙashi ba ya tsallakewa ita ce: wace ƙwaya kake sha, kuma cikin minti nawa take yi maka aiki? Amsar majinyaci a nan tana iya fin hoton farko amfani.

Me ya sa kwatangwalo ya bambanta

Idan ƙarin ya fito a tsakiyar ƙashin cinya ko ƙwauri, gano shi ba ya da wuya sosai. Fatar da ke lulluɓe da ƙashi takan mayar da martani, ta yi ta jibga sabon ƙashi a kewayensa, har wurin ya fito fari fat a hoton eksire, da ɗan baƙin ɗigo a tsaka. Likita na ɗaga hoton ya gane.

Cikin gaɓa lamarin daban yake. Kwatangwalo mahaɗa ce tsakanin kan ƙashin cinya, mai kama da ƙwallo, da wani ƙoƙo a ƙashin ƙugu, duka a cikin wata jaka mai ɗauke da ruwan da ke sa gaɓar santsi. Wuyan ƙashin cinya, wanda ke riƙe da ƙwallon, kusan dukansa a cikin wannan jaka yake, kuma fatar ƙashin wurin ba ta da ƙarfin gina sabon ƙashi kamar ta waje. Saboda haka farin kaurin nan da ke tona asirin ƙarin ba ya fitowa, ko ya fito kaɗan. Maimakon haka sinadarin da curin ke fitarwa yakan malala cikin gaɓar, ya kumbura shimfiɗarta ta ciki, ruwa ya taru, gaɓa ta sage. Abin da likita zai gani a gabansa shi ne gaɓa mai kumburi, irin wadda cututtuka goma ke iya haifarwa. Hatta alamar nan ta ciwon dare da jin maganin asfirin takan raunana a wasu masu irin wannan.

Ga kuma wani ruɗanin. Jijiyar da ke kai saƙon zafi daga kwatangwalo tana da reshe da ya sauka har gwiwa. Yaro sai ya riƙa nuna gwiwarsa, a yi hoton gwiwa, a ɗaure gwiwa, a yi gashin gwiwa, alhali ciwon na can sama. Tsohuwar doka ce a koyarwar likitocin ƙashi cewa duk yaron da ya zo da ciwon gwiwa sai an duba kwatangwalonsa, amma ba kowane ɗakin duba marasa lafiya ake kiyaye ta ba, musamman inda ma'aikaci ɗaya ke ganin mutum sittin kafin azahar.

Ko a ƙasashen da na'urori suka wadata, rahotannin likitoci sun nuna cewa ƙarin da ke cikin gaɓa yakan haura shekara biyu kafin a gane shi. To ina ga wanda zai taso daga Nafada ko Dukku ko Talasse.

Cututtukan da ke gaban layi

Likitan da ke aiki a Gombe yana da uzuri idan bai fara kawo wannan ƙari a ransa ba, domin akwai abubuwan da suka fi shi yawa nesa ba kusa ba, kuma wasunsu sun fi shi haɗari.

Na farko amosanin jini, wato sikila. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta a duniya, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara. Ɗaya daga cikin illolinta shi ne toshe hanyar jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu, ya burma. Shekarun da wannan ke faruwa su ne dai shekarun da ƙarin ke bayyana, wurin ciwon ma ɗaya. Masu rukunin jini SC sukan yi rayuwa ba tare da yawan rikicin ciwo ba, har ba a san suna da cutar ba, sai kwatangwalo ya tona. Don haka gwajin rukunin jini na cikin abubuwan farko, kuma ba shi da tsada.

Na biyu tarin fuka. Mutane sun san shi a huhu, amma yana kama ƙashi, kuma bayan ƙashin baya, kwatangwalo na cikin wuraren da ya fi so. Shi ma yana zuwa a hankali, da ɗingishi da ramewar cinya da kukan dare. A nan ne kuskure ya fi tsada. A ƙa'idar da ake bi a ƙasar nan, maganin tarin fukan ƙashi wata 12 ake sha. Idan aka ɗora yaro a kansa bisa zato kawai, an ɗora wa hantarsa nauyin ƙwayoyi masu ƙarfi na shekara guda, ƙarin kuma na nan inda yake. A ganina, a ko'ina ake da halin ɗebo ruwan gaɓa ko ɗan yankin shimfiɗarta a kai wa na'urar GeneXpert da madubin likita, bai kamata a fara wannan dogon magani kafin a yi hakan ba.

Sai tsohon gyambon cikin ƙashi, wanda ƙwayoyin cuta ke killace kansu su yi ɗan ramin mugunya mai kama da curin ƙarin a hoto. Sai zamewar kan ƙashin cinya a yara masu ƙiba da ke gab da balaga, da tsagewar ƙashi a matasan da ke atisaye mai tsanani, irin masu neman shiga soja ko ɗan sanda.

Ƙari marasa daji ma ba guda ɗaya ba ne a wannan wuri. Akwai mai tasowa daga guringuntsi a cikin kan ƙashin kansa. Akwai ramin ruwa da ke cin ƙashi ta ciki har ya zama kamar ɓawon ƙwai, ba a sani ba sai yaro ya yi ɗan tuntuɓe ya karye. Akwai wanda ke mayar da ƙashi laushi har wuyan cinya ya lanƙwashe kamar sandar makiyayi. Kowanne da maganinsa.

Wanda ya haura shekara 40 kuwa, lissafinsa daban ne. Sabon ciwon kwatangwalo mai hana barci a wannan shekaru yana sa likita ya fara neman sankarar da ta taso daga mafitsara ko mama ko ɓargo. Haka a matashi, kumburin da ke girma ana gani, da rama, da ciwon da ba ya jin ƙwaya, alamu ne da ba a kwana da su.

Hoton da ke nuna shi

Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan hanyar Ashaka shi ne matattarar irin waɗannan matsaloli a jihar. An kafa shi a matsayin Cibiyar Lafiya ta Tarayya a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Bauchi, aka ɗaga darajarsa zuwa asibitin koyarwa a 2014, inda ɗaliban likitanci na Jami'ar Jihar Gombe ke samun horo. Da yake Gombe na tsakiyar Arewa maso Gabas, tana iyaka da Borno da Yobe da Adamawa da Taraba da Bauchi, majinyatansa sun wuce na jiha ɗaya. Abin da ya sa ya dace da wannan aiki shi ne haɗuwar mutum uku a harabar guda: likitan ƙashi, likitan hoto, da likitan da ke duba tsoka a madubi. Gano ƙarin ƙashi aikin su ukun ne tare, kuma duk inda aka rasa ɗaya, sauran biyun lalube suke.

Matakin farko eksire ne, amma akwai yadda ake ɗaukarsa. Ana son hoton ƙugu gaba ɗaya domin a kwatanta dama da hagu, sannan a ƙara wani da majinyaci ya buɗe cinyoyinsa kamar kwaɗo, saboda ta haka ne gefen wuyan ƙashin ke fitowa. Gwajin jini na neman kumburi da ƙwayoyin cuta yawanci lafiya lau yake fitowa a mai wannan ƙari, wanda shi kansa bayani ne, domin yana rage zargin tarin fuka da gyambo. Hoton ruwa, irin wanda ake yi wa masu ciki, zai nuna ruwan da ya taru a gaɓa amma ba zai faɗi dalili ba.

Daga nan ne iyalai da yawa ke yin asarar kuɗi. An ɗauka cewa hoton da ya fi tsada shi ya fi gani, don haka dangin da ke Abuja kan dage sai an yi MRI. Ita kuwa MRI gwanar nuna ruwa da kumburi ce. Takan nuna wuyan ƙashin cinya ya yi jaɓe-jaɓe da kumburin ɓargo, faɗin tafin hannu, ɗan curin ya nutse a ciki ba a gan shi ba. Hoton sai ya yi kama da na mugun gyambo ko sankara, hankalin kowa ya tashi. An sha yi wa majinyata tiyatar da ba ta da amfani, a ƙasashe daban-daban, bisa irin wannan karatu.

Na'urar da ta fi dacewa da wannan ƙari ita ce CT, wadda ke yanka hoton ƙashi falle-falle. Sharaɗin shi ne fallen ya zama siriri, milimita ɗaya zuwa biyu. Idan aka yi yanka mai kauri, curin da bai wuce milimita biyar ko shida ba zai iya faɗawa tsakanin falle biyu, a rubuto cewa ba a ga komai ba. Idan aka yi daidai, sai ga shi ƙarara: ɗan baƙin da'ira a jikin farin ƙashi, sau da yawa da farin ɗigo a cibiyarsa. Wannan ya sa abin da likitan ƙashi ya rubuta a takardar neman hoto ke da nauyi. Takardar da ta ce ciwon kwatangwalo kawai, da wadda ta ce ana zargin wannan ƙari a wuyan ƙashin cinya na hagu, ba hoto ɗaya za su haifar ba, ko da na'ura ɗaya ce kuma kuɗi ɗaya aka biya.

Wata shawara ga masu ɗaukar majinyaci daga Gombe zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko zuwa Abuja: a karɓi faifan hoton gaba ɗaya, kada a tsaya ga takardar sakamako da hoton da aka ɗauka da waya. Likita na biyu yana bukatar ya bi fallayen ɗaya bayan ɗaya da idonsa. Rashin faifan nan kaɗai ya isa ya sa a sake biyan kuɗin hoto, a sake ɗora wa yaro hasken na'ura a wurin da ke kusa da gaɓoɓin haihuwa.

Katin inshora da shekara 18

Ma'aikatan tarayya su ne rukunin farko da aka sa a inshorar lafiya ta ƙasa lokacin da ta fara aiki a 2005, kuma dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, wadda ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshorar a kan kowa. Tsarin ma'aikata yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ko mijinta da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A nan gizo ke saƙar. Wannan ƙari ya fi bayyana ne daidai shekarun da yaro ke fita daga katin mahaifinsa. Ciwon da ya fara yana ɗan 16, aka yi ta lallaɓa shi da ƙwayar kemis, zai iya kai shi gaban na'urar CT yana ɗan 19, lokacin da komai ya koma aljihu. Ɗalibin jami'a ko kwaleji yana da tsarin inshorar ɗalibai, wanda ake cire kuɗinsa a rajista kuma da yawa ba su san suna da shi ba. Ma'aikatan jiha da sauran mazauna Gombe kuma suna da hukumar GoHealth.

Ƙane da ɗan yaya da ɗan riƙo ba sa cikin katin sai an yi musu rajistar ƙarin mutum an biya. Su ne kuwa akasarin waɗanda ake bugo waya a kansu.

A ƙa'idojin tsohuwar NHIS, manyan hotuna irin CT da MRI rabin kuɗinsu kamfanin inshora ke biya, kuma sai asibitin farko ya rubuta takardar turawa, kamfanin ya ba da lambar izini. Duk wanda ya tsallake wannan mataki ya tafi kai tsaye, da wuya a mayar masa da kuɗinsa. Gara a tambayi teburin inshora na asibiti abin da tsarin ya ɗauka kafin a biya.

Mataimakan 'yan majalisa da na ministoci da ke rubuta jerin ayyukan mazaɓu su ma akwai abin lura a nan. Sayen na'ura yana da farin jini, ana yanka kirtani a ɗauki hoto. Amma na'urar CT tana cin wuta, tana bukatar kwangilar gyara, tana bukatar mai karanta abin da ta fitar. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar. Curin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba idon ƙwararre yake bukata, kuma shi ne abin da ya fi wuyar sayowa.

Bayan an gano

Hanya uku ce. Ƙarin yakan mutu da kansa bayan wasu shekaru, don haka akwai masu zaɓar shan maganin kashe zafi ƙarƙashin kulawar likita har ya lafa, abin da kan ɗauki kusan shekara uku ko fiye. Farashin wannan haƙuri shi ne gyambon ciki da lahanin ƙoda, kuma wanda ya riga ya shekara biyu yana haɗiyar diclofenac ba bisa ƙa'ida ba ya riga ya ci wani ɓangare na rabonsa. A cikin gaɓa kuma jira na da wata illar: kumburin da ya daɗe yana cinye guringuntsi, gaɓa ta tsufa da wuri, a ƙaramin yaro ma ƙafa ɗaya na iya fin ɗaya tsawo.

Hanya ta biyu tiyata ce, a buɗe a ciro curin. Wahalarta ita ce likita ba ya ganin abin da ido idan ya isa, domin ƙashi ne a cikin ƙashi. In ya ɗebi kaɗan ya bar saura, ciwo ya dawo. In ya ɗebi da yawa, wuyan cinya ya raunana, sai an sa ƙarfe ko an yi cikon ƙashi, majinyaci ya yi makonni a kan sanda. Ga kuma hanyoyin jinin da ke bi ta wuyan zuwa kan ƙashin, waɗanda in aka taɓa su an jawo irin mutuwar ƙashin da sikila ke jawowa. Wannan aikin likitan ƙashi ne wanda ya saba da kwatangwalo. Mai ɗori, duk gwanintarsa a karaya, ba shi da abin ɗorawa a nan, kuma murza da tsaga da ƙaho ba sa kaiwa inda curin yake.

Ta uku ita ce wadda Daniel Rosenthal da abokan aikinsa a babban asibitin Massachusetts da ke Boston suka bayyana a 1992. Ana kwantar da majinyaci a cikin na'urar CT, a bi hoto a soka siririyar allura har cikin curin, a ɗumama bakinta zuwa digiri 90 na tsawon minti huɗu zuwa shida, curin ya ƙone. Kusan tara cikin goma na warkewa a zama ɗaya, kuma galibi a ranar ko washegari ake sallama. Ita ce ta zama hanyar farko a Turai da Amurka da Indiya. A nan gida ba kowane babban asibiti ke yin ta ba, kuma a cikin gaɓa sai an yi hattara kada zafin ya taɓa guringuntsi. Kafin iyali su fara lissafin biza da tikitin Alƙahira ko Delhi, ya kamata su tambayi likitansu ko wurin da curin yake zai ciru ta ƙaramar ɓula da na'urar leƙa gaɓa ko ta huda bisa jagorancin CT, da kuma inda ake yin hakan a cikin ƙasa.

Duk abin da aka ciro, komai ƙanƙantarsa, a tabbata ya isa ɗakin gwaji, a kuma koma a karɓi sakamakon, domin madubi ne ke rufe maganar ko ƙarin ne ko gyambo ko wani abin daban. Alamar farko dai majinyaci ne ke kawo ta da bakinsa. Idan an ciro curin duka, tun a daren farko ko na biyu yakan bambance zafin yanka da wancan tsohon ciwon, ya ce wa ma'aikatan jinya na daren ya tafi. Idan kuwa bayan makonni ya sake farkawa ƙarfe biyu yana laluben ƙwaya, to akwai saura a ciki, sai a koma CT.